Daga Bakin Gareji: Rigimar Tagwayen Fambel

Wasiƙu biyar ne suka taru a kan teburina wannan watan, duk a kan fambel, kamar masu su sun haɗa baki. Ban yi mamaki ba. Daga Maris zuwa Mayu ne roba take nuna halinta, kuma tsofaffin motoci su ne kan gaba wajen kawo ƙara. Masu tambayar kafireto su yi mini haƙuri sai wata mai zuwa.

Tambaya daga wani direba a Agadas, Jamhuriyar Nijar

Assalamu alaikum Baba. Ina jan Land Cruiser ta ɗaukar kaya mai injin 1HZ tsakanin Agadas da Arlit. Motar maigidana ce, ta haura shekara 25. Kurwa biyu ne ke juya fanka da altaneta. Wata biyu da suka wuce ɗaya ta tsinke mini a hanya, sai na sayi sabuwa guda na sa ta kusa da tsohuwar, tunda ita lafiyarta lau. Yanzu sabuwar ce ta fara tsattsagewa tana ƙauri, tsohuwar kuma sai kaɗawa take yi. Maigida ya ce jabu na sayo na ci canjin. Wallahi ban ci ba. Ina laifin yake?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗana. Bari in fara fassara wa mutanenmu na nan, kada su zaci maye ne ya kama maka kurwa har biyu. Abin da muke kira fambel a Kano, can da Faransanci kurwa ake ce masa. Sunan ma ya dace, domin in ta fita daga jikin mota tafiya ta ƙare.

Ka kai wa maigidanka wannan shafi ya karanta. Ko da bel ɗin da ka sayo ya fito ne kai-tsaye daga hannun Toyota da ledarsa, haka zai yi. Ba ka ci kuɗinsa ba. Laifinka ɗaya ne, shi ne ka haɗa sabo da tsoho a fuli ɗaya, wato ƙarfen nan mai kwari da bel ke zagayawa a kansa.

Ka taɓa ganin an ɗaura wa shanun huɗa karkiya, ɗaya bijimi mai jini a jika, ɗaya tsoho da ya gaji? Garma dai tana tafiya, mai gona yana ganin kamar shanu biyu ke ja. Amma in rana ta take, bijimin ne zai kwanta, ba tsohon ba, domin shi kaɗai ya yi aikin. Abin da ya faru a gaban injinka ke nan.

Ga yadda abin yake. Fambel ba da cikinsa yake riƙe fuli ba, da gefunansa biyu yake riƙewa. An yanka shi kamar bakin gatari, ya shiga kwarin fulin ya matse, yana ƙara jan kaya yana ƙara cusa kansa. Tsohon bel ya sha wuta shekara da shekaru, zaren da ke cikinsa ya ɗan miƙe, gefunansa sun cinye, saboda haka ya nutse cikin kwarin fiye da sabo. Miƙewar da nutsewar in ka haɗa su ba su wuce 'yan milimita ba, amma sun isa. Wurin ɗaurewa kuwa ɗaya ne tak ga su biyun: altaneta ce kake turawa baya ka ɗaure. In ka tura har sabon ya yi daidai, tsohon yana lilo, sabon ya ɗauki kayan mutum biyu. In ka ce sai tsohon ya ɗauru, to sabon ya zama tsirkiyar baka, sai ya kashe maka boris ɗin famfon ruwa da na altaneta kafin shi ma ya bi su. Babu tsakiya a wannan lissafi.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Wanda ya nutse cikin kwari yana zagaya ƙaramin da'ira, wanda ke sama yana zagaya babba. Ke nan gudunsu ma ba ɗaya ba ne, alhali fuli ɗaya suke juyawa. Dole ɗayansu ya riƙa sulɓewa. Sulɓewar nan ita ce ƙaurin robar da kake ji. Ka buɗe bonet ka shafa gaban altaneta da yatsa, za ka ga wani baƙin gari kamar kwalli. Bel ɗinka ne ke niƙewa.

Masu ƙera injin ba don ado suka sa biyu ba, ba kuma don ɗaya ya zama safaya ba. Injin 1HZ mai silinda 6 ne, lita 4.2, tun 1990 ake yin sa, kuma fankarsa babba ce, jan ta aiki ne, balle a cikin rairayi da zafin ƙasarku inda take kamawa kusan kullum. Bel siriri guda ba zai iya ba. Mai kauri guda kuma ba ya son lanƙwasawa a kan ƙaramin fulin altaneta, zafi zai yi ya fashe. Shi ya sa aka raba kayan ga sirara biyu, da sharaɗin tsawonsu ɗaya ne.

Abin yi: ka cire duka biyun. Ka sayo biyu sababbi, kamfani ɗaya, lamba ɗaya, in da hali waɗanda aka ƙulle tare cikin leda ɗaya, don na wannan injin akan sayar da su a haka. Tsohon da ya tsira kada ka jefar, ka sa shi cikin buhu ƙarƙashin kujera. Ranar da aka makale tsakanin Agadas da Arlit zai kai ka gari. Amma tunda hamada kake bi, ni da zan ba ka shawara, biyu-biyu sau biyu za ka saya, ka ɗaure na ajiyar da zare kada yaran mota su raba su.

Kuma kada ka rikita wannan da tayimin bel da ke cikin murfi a gaban injin. Shi wani sha'ani ne dabam, mai lokacin canji nasa, kuma in shi ya tsinke ba a bakin hanya ake gyarawa ba.

Tambaya daga wata Hajiya a Kaduna

Salamu alaikum Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Mercedes 500 SEL ta shekarun 1980. Ni ce na ce kada a sayar, ina fita da ita ranar Juma'a da lokacin biki. Bakanike ya ce bel biyu na sitiyari sun ƙare. Direbana ya je kasuwa ya sayo biyu, lambar da ke jikinsu iri ɗaya, amma da aka ɗaura ɗaya ya yi tauri ɗaya ya yi sako-sako. An mayar an canjo, haka dai. Sannan na tarar da wasu sababbi fil a cikin kayan marigayi, da takardarsu, tun na zamanin da. Shin in sa waɗannan? Kuma me ya sa lamba ɗaya tsawo biyu?

Amsa

Amin, Hajiya, Allah ya jiƙan Alhaji ya kyautata namu zuwan. Kin yi dabara da kika riƙe motar. Wannan samfurin, wanda kamfanin ke kira W126, daga 1979 zuwa 1991 aka yi shi, kuma har yau in na ji ƙarar rufe ƙofarsa sai in ji kamar an rufe taskar banki. A masu silinda 8 irin taki, tagwayen bel ɗin nan ba sitiyari kaɗai suke yi wa aiki ba, su ne kuma ke juya famfon ruwa da fanka. Saboda haka maganar ta wuce nauyin sitiyari, maganar ran injin ce.

Na fara da na cikin kayan marigayi, don amsarsa gajeriya ce: a'a. Roba tana tsufa ko ba a taɓa ta ba. Bel da ya shekara 30 a cikin sito, ya sha zafin bazara da bushewar hunturu, sabo ne a ido kawai. Ki ɗauki ɗaya ki juya cikinsa waje ki lanƙwasa, za ki ga ƙananan tsaga kamar faso a dunduniya. Amma kada ki zubar da su. Amfaninsu babba ne: lambar da ke jikinsu da ta takardar ita ce shaidar abin da motar take sha tun asali. Da su za a je kasuwa.

Yanzu maganar lamba, a nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami.

Lambar fambel ɗin mota kashi biyu ce, faɗi da tsawo, duka da milimita. Misali kawai, in kin ga 10 x 1100, faɗin bayansa milimita 10 ne, tsawonsa 1100. A tsofaffin littattafan Jamus za ki ga 9.5 da 12.5, a sababbin kwalaye kuma AVX10 da AVX13. Ɗanjuma ne da Ɗanjummai: 9.5 shi ne 10, 12.5 shi ne 13. Wannan ba matsala.

Matsalar tana wajen tsawo, domin bel yana da tsawo uku. Akwai na bayansa, wanda ake rubuta La a gefen lambar. Akwai na cikinsa, Li. Akwai kuma na tsakiya inda zaren yake, Lw ko Ld. Tsakanin awon ciki da na baya a bel ɗaya akwai kusan santimita 5 zuwa 6. To in wani kamfani ya buga 1100 yana nufin baya, wani ya buga 1100 yana nufin ciki, mai shago ya miƙo miki su a matsayin abu ɗaya, kin ga an yi aure tsakanin dogo da gajere. Bel ɗin mota yawanci da awon baya ake kiransa.

Sai kuma na injin markaɗe da na famfon ban-ruwa, masu lamba A da B. A faɗinsa milimita 13, B kuma 17, lambar da ke biye kuma inci ce ta awon ciki. A43 yana nufin inci 43 daga ciki. Sun cika kasuwa, suna da araha, kuma in an rasa na mota akan ce ai duk ɗaya ne. Zai shiga fuli, zai juya. Sai dai ba a yi shi don gudun injin mota da zafin ƙarƙashin bonet ba, kuma in aka haɗa shi da na mota a fuli ɗaya, ba za su taɓa jituwa ba. Haka nan kada a haɗa mai haƙora a ciki da mai sulɓi, ko da lambarsu ta zo ɗaya. Miƙewarsu ba ɗaya ba ce, zamansu a kwari ba ɗaya ba ne.

To a ce kamfani ɗaya ne, lamba ɗaya, haruffa ɗaya, amma har yanzu akwai bambanci? Yana faruwa. Ba a ƙera roba kamar yadda ake ƙera ƙarfe. Biyu da aka ƙera a lokaci dabam-dabam suna iya saɓawa da milimita biyu ko uku, kuma masana'anta ba ta ɗauke shi aibu ba, tunda ga mai bel guda ba komai ba ne, altaneta za ta matsa ta cinye bambancin. Mai tagwaye ne kawai abin ke cuta. Shi ya sa a da, musamman a bel ɗin manyan injuna, akan auna kowane ɗaya bayan an gama shi a buga masa wata ƙaramar lamba dabam. 50 ita ce daidai, 51 ya ɗara da kashi ɗaya cikin goma na inci, wato milimita biyu da rabi, 49 ya gaza da haka. Maigidana, Allah ya yi masa rahama, yakan zauna a shago ya zazzage kwali guda yana neman 50 biyu ko 51 biyu, mai shago yana ta huci. Yau manyan kamfanoni sun matse awonsu, wasu ma suna cewa duk biyun da ka ɗauka masu lamba ɗaya za su yi tagwaye. Na yarda da su in kayan nasu ne na gaskiya. Amma kwali ba ya rantsuwa, kuma kin san kasuwarmu.

Saboda haka ga abin da za ki sa direbanki ya yi, ko a Panteka ko a Ƙofar Ruwa ta Kano. Ya duba ƙananan lambobin da ke bayan babbar lamba, na ranar da aka ƙera shi, ya nemi biyu da suka zo iri ɗaya. Kada ya karɓi wanda aka rataya a ƙusa a ƙofar shago rana tana dukansa, ya ce a ɗauko na cikin kwali. Sannan ya sami bututun ƙarfe biyu, ko ma hannun sifana biyu masu kauri, ya zura bel ɗin biyu a kai gefe da gefe, shi ya riƙe ɗaya mai shago ya riƙe ɗaya su ja da ƙarfi. Da ɗayan hannun ya danna tsakiyar kowanne. In ɗaya ya yi tauri ɗaya yana rawa, a canjo. Mai shagon da ya ƙi wannan gwaji, a bar masa kayansa.

Amma Hajiya, kin ce an mayar an canjo abin bai sauya ba. Wannan ya sa nake zargin ba bel ɗin ba ne. Ki tambayi bakaniken: kullum na kwari ɗaya ne ke yin sako-sako? Ya musanya musu wuri ya gani. In sakin ya bi bel ɗin, laifin bel ne. In ya tsaya a kwarin da yake, fulin ne ya cinye. Mota mai shekara 40 wadda wataƙila an taɓa jan ta shekaru da bel guda a kwari ɗaya, wannan kwarin zai fi ɗan'uwansa faɗi. Ya haska tocila cikin kwarin. Gefuna ya kamata su yi ƙyalli, ƙasan kuma ya zauna da duhunsa da 'yar tsatsarsa. In ƙasan kwari yana walƙiya kamar cokali, bel ya daina kamawa da gefe, ya zauna da gindi. Irin wannan fulin ko tagwayen da aka haifa rana ɗaya aka sa masa, sai ya raba su. A nemo wani fulin, na gwanjo mai lafiya ma ya wadatar.

Tambaya daga wani direban bas a Gusau

Oga, Hiace ce da ni mai injin dizal 5L. Bel ɗaya cikin biyun ya tsinke tun sati uku, ina ta aiki da ɗayan kuma ban ga canji ba. Dole ne sai na sa biyu?

Amsa

Dole ne, Malam, kuma yau, ba gobe ba. Ka kai gida da bel guda ranar da ɗayan ya tsinke, wannan lalura ce, a yi ta a hankali, a kashe na'urar sanyi da duk fitilar da ba dole ba. Amma sati uku kana lodin mutane?

Ka leƙa bayan altanetarka, za ka ga wani ɗan famfo manne da ita da tiyo yana fita. Shi ne ke zuƙe iska, zuƙar nan kuma ita ke sa birkinka ya yi laushin takawa. A injunan 2L da 3L da 5L haka Toyota ta tsara shi. Ranar da bel ɗin da ya rage ya tsinke, ba caji da ruwa kaɗai za ka rasa ba. Taka biyu ko uku za ka yi, sai birki ya koma kamar ka taka dutse, ga mutum 18 a bayanka. Kuma wanda ya rage ɗin ya riga ya sha wahalar da ba tasa ba, shi ma cire shi za ka yi.

Tambaya daga wani ɗalibin kanikanci a Zariya

Baba barka da aiki. Shekarata biyu ina koyon gyara. A garejinmu in fambel yana kuka, man birki muke ɗiga masa ko mu goga sabulu, sai ya yi shiru. Kuma in za mu sa sabo, sukundireba muke sawa mu taɓa ki ya hau da kansa. Wani kwastoma mai tsohuwar Land Cruiser ya hana mu, har ya yi faɗa. Shi ke da gaskiya ko mu? Kuma yaya ake gane ɗauri ya yi daidai?

Amsa

Yawwa ɗana, barkanmu dai. Kwastoman ne ke da gaskiya, sau biyu ma.

Kukan bel magana yake yi maka: ko na saki, ko na ƙone na yi santsi, ko fulina ba a layi ɗaya suke ba, ko wani boris yana neman kamewa. Man birki bai amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, bakinsa kawai ya toshe. Ya ƙara masa santsi, ya jawo ƙura ta manne, kwastoma ya tafi yana murna, bayan kwana uku kukan ya dawo da ƙarfinsa. Baƙin mai da gas sun fi muni, su kumbura robar suke yi ta ruɓe. In kana so ka san bel ne ke kuka ko boris, ɗan yayyafa ruwa kawai. In ya yi shiru na ɗan lokaci bel ne, in bai fasa ba ka nemi boris. Kuma in ka ga mai a jikin bel, ka nemo inda yake yoyo kafin ka sa sabo.

Maganar sukundireba kuwa, ni ma na yi ta, kuma na sha kunyarta. Ina yaro a gareji, wajen shekarar 1980, aka kawo wata babbar mota mai tagwayen bel, maigida ya fita sallar La'asar ya ce in sa kafin ya dawo. Notin altaneta ya ci tsatsa, ni kuma ina sauri. Na ɗora na farko da hannu da ƙyar, na biyun na sa ƙarfe na ɗana shi a bakin fuli, na ce wa abokina ya taɓa ki. Ji kake fat, ya hau. Na goge hannu ina jin kaina gwani. Kwana biyar direban ya dawo da bel ɗin a hannu, bai tsinke ba, amma ya murɗe ya kife a cikin kwari kamar igiyar guga. Maigida bai ce mini komai ba. Reza ya ɗauko ya tsaga bayan bel ɗin a gabana, daidai inda ƙarfena ya taɓa. Zaren da ke ciki, farare kamar na saƙa, rabinsu a tsinke suke ta gefe ɗaya. Daga waje ba ka ganin ko ƙwarzane. Ya miƙo mini ya ce in rataya a wuyana har a tashi aiki. Haka na yini da shi, masu sayar da abinci suna ta dariya.

Ƙarfin bel duk a wannan zaren yake, robar riga ce kawai. Ka tsinka kaɗan daga ciki, bel ya ƙara tsawo ta gefe guda, tagwayen da aka sha wahala aka daidaita sun tashi daga tagwaye tun ba a tayar da injin ba. Ban da yatsun da wannan dabara ta cinye a garejojin ƙasar nan, na san mutum biyu.

Hanyar ita ce ta masu haƙuri. Ka cire kan batir. Ka sassauta notin da altaneta ke juyawa a kansa na ƙasa, da na ɗauri na sama, in akwai dogon noti na turawa ka warware shi, ka tura ta ciki har ƙarshe. In akwai wani bel a gaba, kamar na na'urar sanyi, shi zai fara fita, kuma ka zana yadda suke a takarda kafin ka taɓa komai. Tunda fulin ya zama tsirara, lokacin dubawa ke nan: ka juya na altaneta da hannu ka saurara, ka kama fanka ka girgiza gaba da baya ka ji ko famfon ruwa yana da wasa, ka wanke kwari da burushin waya, ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fuli biyu ka ga ko suna layi ɗaya. Sannan na ciki ya fara shiga, na waje ya biyo, da hannu kawai. In bai shiga da hannu ba alhali altaneta tana ƙarshe, lambar ce ba daidai ba.

Ɗauri kuma, a tsakiyar wuri mafi tsawo tsakanin fuli biyu ake dannawa da babban yatsa, da nauyin kamar kilo 10. In ba ka san kilo 10 a yatsa ba, je ka danna sikelin mai sayar da nama ka ji. Ga yawancin tsofaffin motoci, nutsewar kusan santimita ɗaya ce. Littafin injin 1HZ ya ce milimita 6 zuwa 7 ga sabo, 8 zuwa 11 ga wanda ya yi aiki, kuma a wurinsu bel da ya yi minti biyar yana juyawa ya tashi daga sabo. Kowanne za ka danna shi kaɗai, ba duka biyun a haɗe ba, domin a haɗe mai taurin yana rufa wa mai sakin asiri. Ka tayar da injin ya yi minti biyar zuwa goma, ka kashe, ka sake dannawa, za ka tarar sun ɗan zauna. Ka gaya wa mai mota ya dawo bayan sati a sake dubawa. Kuma ka cire wa kanka tunanin cewa ƙarin tauri ƙarin lafiya ne. Yawancin famfon ruwan da na canja a rayuwata, hannun bakanike ne ya kashe su, ba tsufa ba.

Ga wani gwaji da za ka burge ogan naka da shi. Bayan ka ɗaure, ka ja layi da alli a kan bayan bel ɗin biyu lokaci ɗaya. Mota a furi, batir a cire, ka sa sifana a notin babban fuli ka juya injin ta inda yake juyawa, har layin ya zagayo sau biyar. Duk zagaye ɗaya, mai tsawon zai ja baya da gwargwadon abin da ya ɗara ɗan'uwansa. Bambancin milimita biyu da ido ba ya gani, a zagaye biyar ya zama santimita guda, ga shi ɓaro-ɓaro. In layukan suna kusa da juna, ka samu tagwaye. Amma kada ka yi wannan da injin a kunne sannan ka tsorata. Cikin minti ɗaya bel yana zagayawa sau ɗaruruwa, ko na kirki ne layin zai rabu.

Tambaya daga wani malamin makaranta mai ritaya a Katsina

Malam, na ga wani bel da aka haɗe biyu da rufi ɗaya a bayansu, a jikin injin janareta. Me zai hana in sa irinsa a tsohuwar motata in huta da neman tagwaye?

Amsa

Ranka ya daɗe, tunanin mai kyau ne, kuma don maganin wannan matsalar aka ƙirƙiro shi. Sai dai yana da sharaɗi. Tazarar da ke tsakanin kwari biyu na fulinka dole ta zo daidai da tazarar ƙafafun bel ɗin, kuma bakin ƙarfen da ke tsakanin kwarin kada ya taɓo rufin daga ƙasa. Fulin janareta da na masana'anta an yi su a kan awo sananne. Na mota kowane kamfani da nasa. In tazarar ta saɓa ko da kaɗan, ƙarfen tsakiya zai tsaga rufin cikin 'yan kwanaki, ka koma da bel biyu da ba a daidaita ba, ga kuɗi ka kashe ninki. Ban hana ba in littafin motar ya ambace shi. Ba ka faɗa mini wace mota ce ba. Ka aiko da sunanta da lambar injin, da hoton fulin daga sama in jikanka zai ɗaukar maka da waya, sai in duba maka.